Babu Mai Naɗa Kansa Gwani

Sha'awar karatun shari'a tsohuwa ce a ƙasar Borno, kuma ba ta ragu ba a tsakanin matasan unguwanni irin su Ajilari da Gomari da Bulunkutu a birnin Maiduguri, inda yara da yawa suka tashi suna ganin yadda rikicin fili da na gado da na aure ke cinye dukiyar iyayensu da kwanciyar hankalinsu. Daga cikinsu akwai masu burin zama lauyoyi ko alƙalai, akwai kuma waɗanda suka riga suka yi karatun, suka ga cunkoson masu neman gurbi a Jami'ar Maiduguri, sai zuciya ta raya musu cewa su haɗa jari da abokai su buɗe kwalejin koyon shari'a tasu. Niyyar abin yabo ce, kuma bai dace a sanyaya wa mai ita gwiwa ba. Sai dai akwai kuskure guda da ake ta maimaitawa a faɗin ƙasar nan, shi ne a kama haya, a rataye allon suna a bakin ƙofa, a buga takardun neman shiga, a fara karɓar kuɗin ɗalibai, da fatan cewa amincewar hukuma za ta biyo baya. Ɗa ko 'yar da ke da wannan buri, ko mai shirin shiga irin wannan makaranta, ya kamata ya san cewa a harkar koyar da shari'a izini ne ke gaba, ɗalibi na biye, kuma duk inda aka juya wannan tsari, ɗalibin ne ke biyan kuɗin sauri da shekarun ƙuruciyarsa.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga ɗan Borno, domin ya tashi ya tarar da ita a tsangaya. Komai ƙarfin haddar mahaddaci, ba ya wayar gari ya kira kansa Goni, wato Gwani a bakin Bahaushe. Sai manyan da suka riga shi sun saurare shi, sun jarraba shi, sun shaida, sannan sunan ya zauna masa. Haka malamin fiƙihu da ya karanci Risala da Muhtasar na Halil ba ya zama madogara sai da ijaza, wato shaidar malaminsa cewa ya karanta littafin a gabansa kuma an yarje masa ya karantar. Sarakunan Borno na da, waɗanda ake kira Mai, suna rubuta wa manyan malamai takardar da ake kira maharam, wadda ke tabbatar da matsayinsu a idon hukuma tare da ɗauke musu wasu nauye-nauye, kuma tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka mallaki makarantar fiƙihun Malikiyya a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Abin da hukumomin yau ke yi, duk da yawan takardunsu da jinkirinsu da kan ƙular da mutum, jikan wancan tsari ne: wani ne daga waje, wanda ya san aikin, zai duba ya ce an isa.

Abu na farko da ya wajaba matashi ya rarrabe shi ne cewa kalmar kwalejin shari'a tana rufe abubuwa uku mabambanta, kuma kowanne da ƙofar da takardarsa ke buɗewa. Akwai kwalejin da ke ba da difloma a fannin shari'a da addinin Musulunci, akwai tsangayar shari'a da ke cikin jami'a wadda ke ba da digiri, sannan akwai Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda ita kaɗai ce ke shirya mai digiri ya zama lauya. Wannan ta ukun ba a buɗe irinta da kuɗin ɗan kasuwa ko da dokar jiha. Ta samo asali ne daga shawarar kwamitin Unsworth na 1959 da dokar ilimin shari'a ta 1962, wadda ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, kuma ta fara aiki a Janairun 1963 a titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai takwas kacal. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari a Abuja, kuma a yau tana da rassa a Legas da Enugu da Bagauda ta Kano da Yenagoa da Fatakwal da kuma Yola, wadda ita ce mafi kusa da Maiduguri. Wanda ya ci jarrabawarta, majalisar dattawan lauyoyi da manyan alƙalai ce ke rantsar da shi, sannan a rubuta sunansa a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Saboda haka duk makarantar da ta yi wa ɗalibi alkawarin cewa daga cikinta zai fito lauya kai tsaye, ta yi alkawarin abin da ba ta mallaka ba.

Kwalejin difloma kuwa tana da nata mutunci da nata tarihi, kuma kuskure ne a raina ta. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a ta lardunan Arewa a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malaman da aka ɗauko daga Sudan domin horas da alƙalai, kuma ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A kan wannan turba jihohi suka kafa nasu kwalejojin, irin su Kwalejin Aminu Kano da ke Kano, da ta A. D. Rufa'i a Misau, da ta Atiku Abubakar a Nguru, da kuma Kwalejin Mohammed Goni ta Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci da ke nan Maiduguri, wadda ke ɗauke da sunan gwamnan farar hula na farko na Jihar Borno, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Daga irin waɗannan makarantu ake samun magatakardan kotu da masu rajista da ma'aikatan ofisoshin lauyoyi da yawancin waɗanda ke riƙe da ƙananan kotunan shari'ar Musulunci, kuma mai difloma mai kyau kan samu shiga aji biyu a jami'o'in da ke karɓarta, ya yi shekara huɗu a maimakon biyar. Amma difloma ba digiri ba ce, kuma ba ta kai mai ita Bwari ko Yola. Wanda zai kafa irin wannan kwaleji zai nemi yardar ma'aikatar ilimi ta jiha, sannan ya nemi amincewar hukumar NBTE, mai kula da ilimin sana'a da kwalejojin fanni guda, wadda aka kafa a 1977 kuma take da mazauni a Kaduna, idan diflomar ƙasa zai bayar; in kuma zai haɗa da takardar shaidar malanta ta NCE, sai ya bi ta hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi. Abin da ake nema daga gare shi bayan haka shi ne ya faɗa wa iyaye gaskiyar abin da yake sayarwa.

A nan ne wata takarda ke yawan ruɗin matasa, wato shaidar rajistar kamfani daga hukumar CAC. Ana ganin ta a cikin firam a jikin bangon ofishin shugaban makaranta, da tambarin gwamnatin tarayya da hatimi, sai uba ya dube ta ya gamsu ya ƙirga kuɗi. Abin da wannan takarda ke nufi kawai shi ne an yi wa suna rajista kuma akwai masu ɗaukar alhakinsa a gaban doka. Ba ta ce komai ba game da izinin koyarwa ko ingancin shaidar da za a bayar. Matakin farko ce a cikin matakai masu yawa, kamar alwala ce ga salla. Haka ma maganar jingina, wato a ce kwaleji tana gudanar da digiri a ƙarƙashin inuwar wata jami'a: yarjejeniyar da shugabanni biyu suka sa wa hannu ba ta wadatar ba sai Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da ita, kuma a fannin shari'a musamman, ɗalibin da bai zauna a tsangayar da Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta sani ba yana cikin haɗarin riƙe digirin da ba ya kai shi ko'ina.

Wanda burinsa shi ne ya yaye masu digirin shari'a, to, jami'a zai kafa, ko ya shiga cikin wadda aka riga aka kafa, domin doka ba ta san tsangayar shari'a mai zaman kanta a wajen jami'a ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, an kafa ta a 1962, ta samu cikakken ƙarfin doka a 1974, dokar 1985 ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ma'aunin karatu, sannan gyaran 1993 ya buɗe ƙofar jami'o'in 'yan kasuwa, waɗanda uku na farkonsu, Igbinedion da Babcock da Madonna, suka samu lasisi a 1999. Mai nema zai yi rajistar kamfanin da ba na raba riba ba, ya gabatar da kundin tsarin karatu da ke bayyana darussa da yawan ɗalibai da malamai na shekaru masu zuwa, da taswirar ginin harabar baki ɗaya, da daftarin dokar jami'ar, kuma dokar 1993 ta ambaci fili mai faɗin hekta 100 da lamunin banki na naira miliyan 200, adadin da a yau ba ya ko kusa da ainihin abin da aikin ke ci. Bayan ziyarce-ziyarcen gani da ido da binciken jami'an tsaro a kan masu jami'ar da amintattunta, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ce ke yanke hukunci, kuma lasisin farko na wucin gadi ne na shekara uku, a ƙarƙashin kulawar wata tsohuwar jami'a. Ta wannan hanya Jami'ar Al-Ansar ta samu lasisinta a 2022 a Maiduguri. Ko ba a faɗa ba, hekta 100 ba ta samuwa a tsakiyar Ajilari, inda gida ke jingine da gida, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa matashi cewa aikin na jama'a ne da shekaru, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ko an samu lasisin jami'a, ƙofar shari'a makulli biyu gare ta. NUC za ta turo tawagar duba kayan aiki kafin a fara darasin, daga baya kuma ta dawo tantancewa, inda sakamakon kan zama cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko hanawa, wadda ke dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ita ma tana da tata ziyarar da nata hukuncin, kuma amincewar ɗaya ba ta maye gurbin ta ɗayar. Masu tantancewa sukan shiga ɗakin karatu su zaro kundin rahoton shari'o'i daga kanta, irin jerin rahoton mako-mako da Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, su duba ko jerin ya cika ko akwai shekarun da suka yi giɓi, su buɗe bangon littafi su ga hatimin wace makaranta ke ciki. Sukan leƙa kotun gwaji, wato ɗakin da aka shirya kamar kotu, da kujerar alƙali da akwatin mai ba da shaida, inda ɗalibai ke koyon tsayuwa da jayayya. Su nemi cibiyar taimakon shari'a, inda ɗalibai ke sauraron matsalolin talakawa a ƙarƙashin idon malami, wadda Jami'ar Maiduguri na cikin na farkon da suka fara ta a ƙasar nan. Su ƙirga malamai su gwada da yawan ɗalibai, bisa ma'aunin malami ɗaya ga ɗalibai 30, su duba nawa ne farfesoshi da manyan malamai, nawa ne kuma na dindindin. Akwai wata dabara da ta shahara, ta aron littattafai da kwamfutoci har da malamai na kwana uku, a mayar da su da zarar baƙi sun hau mota. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin takardar albashi da hatimin littafi sukan tona asiri, kuma ko ba su tona ba, makarantar da ta fara koyar da shari'a da shaidar zur ta riga ta koya wa ɗalibanta darasin farko.

Sai batun kaso, wanda shi ne ramin da ya fi cin masu makarantu bayan sun samu amincewa. Majalisar Lauyoyi tana yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da kayan aikinta, kuma wannan adadin ne Makarantar Horas da Lauyoyi za ta karɓa daga gare ta. Idan kason 50 ne aka ɗauki 150 saboda kuɗin makaranta, to, ɗari za su gama digiri su zauna jiran layi, badi wasu ɗari su hau kansu, har layin ya zama na shekaru. A ƙarshen 2023 Majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze da ke Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a na tsawon shekara biyar saboda wuce kasonta na 50, kuma a Janairun 2025 hukumar JAMB ta sanar da cewa ba za ta ba da gurbin shari'a na zangon 2025/2026 ba a makarantu takwas da Majalisar ta hukunta, cikinsu har da Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Abin lura shi ne wasu daga cikinsu na gwamnati ne, wanda ke nuna cewa girman mai makaranta ba ya sa a ɗaga masa ƙafa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Irin wannan darasi ne ke cikin labarin ɗaliban shari'a na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN. Jami'a ce ta tarayya, halastacciya, amma Majalisar Lauyoyi ta tsaya a kan cewa ba ta karɓar digirin shari'a na karatu daga nesa ko na wucin gadi, sai ɗaliban da suka gama suka shafe shekaru suna kai-komo tsakanin kotu da Majalisar Dokoki, har aka gyara dokar jami'ar a 2018, daga baya kuma aka shirya musu wani horo na musamman na cike giɓi kafin a karɓe su. Da yawansu magidanta ne da suka biya kuɗin daga albashinsu. Haka nan masu tsallakawa ƙetare neman gajeriyar hanya ya kamata su tuna cewa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni, kuma ko mai sahihin digirin shari'a daga waje sai ya yi wani zango na share fage a Makarantar Horas da Lauyoyi kafin ya shiga aji ɗaya da 'yan gida. Ba Najeriya kaɗai ke da wannan tsauri ba: a Indiya majalisar lauyoyi ta ƙasa ce ke amince wa kwalejojin shari'a, a Amurka kuma yawancin jihohi ba sa barin mutum ya zauna jarrabawar zama lauya sai ya fito daga makarantar da ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta tantance.

Ga 'yar da mahaifinta ya sayar da tumaki ko mahaifiyarta ta kwashe kuɗin adashi domin a biya mata rajista, tambaya kafin biya ba rashin kunya ba ce, kuma matambayi ba ya ɓata. Ta nemi a nuna mata wasiƙar amincewa da darasin shari'a kansa, domin makaranta na iya zama halastacciya alhali wani darasi a cikinta ba shi da izini. Ta duba kwanan wata, saboda amincewa tana ƙarewa. Ta tambayi kason tsangayar da kuma yawan waɗanda ke aji ɗaya a bana, ta gwada biyun da kanta. Ta kuma tabbatar cewa gurbinta ya fito ta na'urar JAMB, wadda tun 2017 ake bi ta cikinta wajen ba da gurbi, domin gurbin da aka bayar ta bayan gida yakan dawo ya hana mutum bautar ƙasa. Idan amsar da aka ba ta ita ce takardu suna hanya, to, ta bar kuɗinta su ma su jira a hanya. Mai sha'awar kujerar alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci shi ma ya sani cewa tsarin mulkin 1999 ya shardanta shaidar ilimin shari'ar Musulunci daga makarantar da Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta yarda da ita, tare da shekara goma da riƙe ta, don haka sunan makarantar da ke kan takarda zai bi mutum har furfura.

Maiduguri kuma tana da nata sharuɗɗan da ba a rubuta a kundin kowace hukuma ba. Birnin ya daɗe cikin duhu bayan an lalata turakun wutar da ke haɗa shi da Damaturu a farkon 2021, kuma ɗakin karatu na intanet da babu hasken rana ko janareta a bayansa ɗakin ajiyar kwamfuta ne kawai. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta nuna cewa zaɓen fili da wurin ajiye littattafai da bayanan ɗalibai ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma filin da ba shi da takardar mallaka daga gwamnati, sai ta sayen hannu da shaidar bulama, ba zai tsallake binciken NUC ba. Mafi wuya duka shi ne malamai. Gini ana gama shi cikin shekara idan da kuɗi, amma mai digiri na uku a fannin shari'a ana shafe shekaru goma ko fiye ana renonsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne matashin Ajilari ke da abin yi tun yau, ba tare da ya jira hekta ɗari ba. Lauya matashi da ya koma jami'a ya yi digiri na biyu da na uku, ya koyar, ya yi rubutu, ya zauna a kwamitin shirya tantancewa ya ga yadda ake yi daga ciki, shi ne wanda masu kafa jami'a za su zo nema nan da shekara goma, kuma shi ne zai iya shugabantar tsangaya ba da aron suna ba. Kafin nan yana iya buɗe ajin yamma a unguwa, ya kira shi da sunansa na gaskiya, ya shirya yara su ci Turanci da Adabin Turanci da Larabci, darussan da rashinsu ke hana da yawa daga cikinsu samun gurbin shari'a tun daga matakin farko. Yana iya haɗa kai da 'yan uwansa lauyoyi su ware yini guda a mako suna sauraron zawarawa da marayu a kan rabon gado da takardun fili, suna rubuta abin da suka gani, domin irin wannan kundi ne wata rana zai zama hujjar cewa unguwar na buƙatar cibiyar taimakon shari'a. Masu jari kuma suna iya fara da kwalejin difloma ƙarama, da darasi ɗaya ko biyu, su jira wasiƙar Kaduna ta iso hannu kafin su buga takardar neman shiga ta farko, su ajiye kuɗin albashin malamai na shekara guda a banki tun kafin a buɗe ƙofa, su kuma rubuta a jikin allon suna ainihin shaidar da makarantar ke bayarwa da hukumar da ta amince da ita da shekarar da amincewar za ta ƙare.